Katin Wi-Fi yana bayyana yana ɓacewa a kwamfutata: direba ne ko katin ne?

Ɗalibin Samaru:
Assalamu alaikum. Malamaina da 'yan'uwa, ina neman shawararku a kan kwamfutata, laftof ce da na saya ta hannu, kuma Windows 10 ne a kanta. Wani lokaci idan na kunna ta Wi-Fi yana aiki lafiya lau, wani lokacin kuma sai in tarar alamarsa ta ɓace gaba ɗaya daga ƙasan sikirin, ba abin da ya rage sai maɓallin yanayin jirgin sama. Ba wai tana ganin hanyoyin intanet na kusa ta kasa shiga ba ne, maɓallin Wi-Fi ɗin ne kansa ba ya nan. Ya taɓa ɓacewa ina tsakiyar tura babin bincikena ga malamin da ke duba aikina, sai da na jona wayata da kebul sannan na ƙarasa. An ba ni shawarar a yi mata fomat, amma duk aikina yana cikinta, shi ya sa na ga ya fi kyau in ji daga gare ku tukuna.

Ɗan Kwangila:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, direba ne ya lalace, wato manhajar da Windows ke sarrafa Wi-Fi ɗin da ita, haka tawa ta yi mini. Ka kwashe takardunka a filashi a sake zuba mata Windows, ka huta.

Malamin Kongo:
Wa alaikumus salam. Ina roƙon ka dakata da maganar fomat, domin har yanzu babu wanda ya san inda ciwon yake, kuma idan katin Wi-Fi ne da kansa, wato ɗan allon da ke kama sigina a cikin kwamfutar, yake da matsala, za ka share kwamfutar ka sake zuba komai, sannan ka wayi gari Wi-Fi ya sake ɓacewa. Abin da ya kamata mu fara tantancewa shi ne, a lokacin da alamar ta ɓace, shin kwamfutar tana ganin katin amma ta kasa tayar da shi ne, ko kuwa ba ta ganinsa kwata-kwata? Waɗannan cututtuka biyu ne daban, maganinsu ma daban.

Ka jira sai ya ɓace, sannan ka danna maɓallin Windows tare da harafin X, ka zaɓi Device Manager, ka buɗe sashen Network adapters. Idan sunan katin yana nan da 'yar alamar gargaɗi ruwan ɗorawa a jikinsa, ka danna shi sau biyu ka karanta lambar da aka rubuta. Lamba 10 tana nufin na'urar ta kasa tashi, lamba 43 kuma tana nufin Windows ya tsayar da ita saboda ta kai rahoton matsala. Idan kuwa sunan ba ya nan, ka je View ka zaɓi Show hidden devices, mai yiwuwa ka gan shi a dusashe da lamba 45, wadda ke nufin a wannan lokacin na'urar ba ta haɗe da kwamfutar. Ka kuma lura mana da abu biyu: ko Bluetooth yana nan a lokacin, da kuma ko Restart yana dawo da shi, ko sai ka kashe ta ka sake kunnawa.

Ɗalibin Samaru:
Na gode, Malam, Allah ya ƙara ilimi. Na yi yadda kuka ce. Sunan katin Intel Dual Band Wireless-AC 8265, kuma ban gan shi ba sai da na buɗe ɓoyayyun na'urori, ga shi a dusashe da lamba 45. Bluetooth yana nan, har na saurari karatu da abin kunne a lokacin. Game da tambaya ta biyu, na lura cewa ya fi ɓacewa idan na kashe ta da dare na kunna da safe, kuma Restart yakan dawo da shi, amma ba kullum ba.

Malamin Kongo:
Wannan bayanin na ƙarshe ya sa na fi karkata ga ɓangaren manhaja. Tun daga Windows 8, wanda ya fito a 2012, akwai wani tsari da ake kira Fast Startup, kuma a yawancin kwamfutoci a kunne yake zuwa. Idan ka danna Shut down, Windows ba ya rufe komai da komai, sai ya adana halin da zuciyar tsarin da direbobi suke ciki a kan faifai, domin gobe ya tashi da sauri. Saboda haka idan direban katin ya kwanta a rikice, a rikice zai tashi. Restart kuwa yana fara komai daga tushe, shi ya sa yakan dawo da abin da Shut down ya kasa dawowa da shi, ko da yake mutane da yawa suna ɗauka akasin haka ne.

Ka shiga Control Panel, ka je Power Options, ka zaɓi wurin da ake saita aikin maɓallin kunnawa, ka cire alamar da ke kan Turn on fast startup. Sannan a lokacin da katin yake nan, ka buɗe shi a Device Manager, idan akwai shafin Power Management ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe na'urar don tattalin wuta. Abu na uku yana cikin saitunan wuta masu zurfi, a ƙarƙashin PCI Express, inda za ka mayar da Link State Power Management zuwa Off, a kan batir da kan caja duka. Wannan saitin ne ke sa layin da katin yake magana da kwamfuta ya yi barci idan babu aiki, kuma akwai katunan da ba sa farkawa yadda ya kamata. Daga ƙarshe ka sauke direba daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ko na Intel, ka ajiye shi a kan faifai kafin ka cire tsohon, domin idan ka cire alhali ba ka da intanet, ka shiga wata sabuwar wahala. Ka guji manhajojin nan da ke cewa za su sabunta maka dukkan direbobi da dannawa ɗaya.

Mai Gyara na PZ:
Malam, ranku ya daɗe, duk abin da kuka faɗa daidai ne, kuma ya kamata ƙanena ya yi shi tunda kyauta ne kuma ba ya ɓata komai. Amma ni lamba 45 ɗin nan ce ta tsaya mini a rai. Direba ko da ya lalace, ko ma babu shi sam, ba ya hana kwamfuta sanin cewa akwai wani abu a jone. Sai dai ta jefa shi ƙarƙashin Other devices da sunan Network Controller, ta ce ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Idan ta ce ba ya haɗe, to a kan layin PCI Express ɗin ne ba ta ji amsarsa ba.

Zaman Bluetooth kuma kada ya ruɗe mu. A irin wannan katin, Wi-Fi da Bluetooth suna kan ƙaramin allo guda, amma ba hanya ɗaya suke bi ba: Wi-Fi yana bin PCI Express, Bluetooth yana bin layin USB da ke cikin gurbin. Don haka abin da zamansa ya nuna mana shi ne wuta tana isa katin, ba wai dukkan haƙoransa suna taɓa inda ya kamata ba. Laftof ɗin da ake kawo mana ta hannu, da wuya ka samu wadda ba a taɓa buɗe cikinta ba, kuma ina yawan tarar da kati a karkace.

Malamin Kongo:
Malam mai gyara, na ji hujjarku kuma tana da ƙarfi, sai dai ban yarda cewa lamba 45 kullum tana nufin kati ya saki ba. Idan layin ya shiga barcin tattalin wuta katin ya kasa farkawa, Windows zai neme shi ya rasa, kuma wannan lambar zai nuna, alhali katin yana zaune daram a gurbinsa. Na ga kwamfutocin da aka buɗe aka rufe a banza, har aka karya musu kan wayar eriya, daga baya aka gano saitin wuta ne. Shi ya sa nake so a gama da abin da ba ya buƙatar sukundireba kafin a kai ga noti.

Mai Gyara na PZ:
A kan wannan jerin ba mu da saɓani, Malam. A fara da naku. Ni dai ina roƙon ƙanena ya sa ido a kan abu ɗaya: idan ya ɓace, me ya faru da jikin kwamfutar kafin nan? An ɗaga ta ne, an sa ta a jaka, ko ta yi zafi?

'Yar Gyallesu:
Assalamu alaikum. Ku yi mini afuwa in shigo da tawa, domin ta yi kama da wannan. Ina da shagon buga takardu, kuma babbar kwamfutar da muke aiki da ita ba ta da Wi-Fi a ciki, ɗan ƙaramin na USB muke soka mata. Shi ma yana yankewa, har da ƙarar nan da Windows ke yi idan an zare filashi, sannan ya dawo da kansa. Ya fi yi idan an ɗauke wuta mun koma janareta, ko idan firinta ta fara aiki. Shin shawarar da aka bayar ta shafe ni?

Injiniyan Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Wani ɓangare ya shafe ku, amma naku ya fi sauƙin bincike tunda abin a waje yake. Ƙarar da kuke ji shaida ce cewa na'urar tana fita daga layin USB tana dawowa, ba rauta, wato na'urar da ke raba intanet, ce ke yanke ku ba. Ku fara mayar da shi ramukan baya, waɗanda ke jikin bod, wato babban allon kwamfutar, kai tsaye, domin na gaba ta siririyar waya suke samun wuta kuma su ne suka fi saurin sakwarkwacewa saboda yawan soka filashin kwastomomi. Ramin USB 2.0 an tsara shi ya ba da miliamfiya 500, na USB 3.0 kuma 900, kuma na'urar Wi-Fi tana jan wuta sosai a lokacin da take aika bayanai, don haka kada ku haɗa ta a mahaɗa guda da wasu na'urori. A cikin saitunan wuta masu zurfi ku kashe USB selective suspend. Faruwarsa a lokacin da firinta ta tashi a kan janareta kuwa yana nuna ƙarfin wutar yana faɗuwa na ɗan lokaci, musamman idan firintar mai leza ce, domin tana jan wuta da yawa wajen ɗumama abin da ke manna tawada a takarda. Ku gwada sa kwamfutar a kan UPS, na'urar nan mai batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ita kaɗai, ban da firintar. Idan kuna da wata kwamfutar, ku soka na'urar a can ta yini, idan ta yanke a can ma, to ita ce ta gaji.

Ɗalibin Samaru:
Malamai, ga rahoto. Na kashe Fast Startup da sauran saitunan biyu, na kuma sa sabon direba. Gaskiya an samu sauƙi, domin yanzu da safe yana tashi da Wi-Fi ɗinsa, har na fara tunanin an gama. Amma jiya na sa ta a jaka na hau Keke zuwa Sabon Gari, da na dawo na buɗe ta babu shi, kuma Restart bai dawo da shi ba. Yau kuma ina aiki ya dawo, na ɗaga ta da hannu ɗaya ta kusurwar hagu don in matsa kusa da soket, nan take ya ɓace a kan idona.

Ɗan Kwangila:
Ni har yanzu ina ganin da an sake zuba Windows da tuni an wuce wurin.

Injiniyan Tudun Wada:
Ɗan'uwa na Kwangila, akwai hanyar da za a gwada maganarka ba tare da an share ko fayil ɗaya ba, kuma ita ce za ta raba gardamar Malam da mai gyara ma. Ɗalibi, ka samu filashi mai gigabayit 8 ko fiye, ka zuba Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a kansa, ka tayar da kwamfutar daga filashin, ka zaɓi gwadawa, kada ka zaɓi girkawa. Wannan tsari ne da bai san komai game da direbobin Windows ɗinka ba. Ka buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta lspci, zai jero duk abin da ke amsawa a kan layin PCI, ko akwai direbansa ko babu. Idan ka ga layi mai ɗauke da Network controller da sunan Intel, katin yana nan. Ka rubuta lsusb kuma, a nan ne Bluetooth ɗin zai fito.

Sai dai ganinsa sau ɗaya ba ya wanke katin, tunda matsalar mai zuwa da tafiya ce, kuma tayarwar da ka yi ma tana iya dawo da shi. Abin da za ka yi shi ne, ka bar Ubuntu ɗin yana aiki, ka jona intanet, ka rubuta sudo dmesg -w domin ka riƙa ganin saƙonnin tsarin suna fitowa a lokacin da suke faruwa, sannan ka ɗaga kwamfutar ta kusurwar nan kamar yadda ka yi, a hankali, ba da ƙarfi ba. Idan intanet ya yanke, saƙonnin kuskure masu ɗauke da iwlwifi suka fara zubowa, wanda shi ne sunan direban katunan Intel a Linux, ka sake tayar da ita daga filashin ka duba lspci. Tsari biyu da ba su haɗa direba ba, idan suka rasa kati ɗaya a motsi ɗaya, babu fomat ɗin da zai gyara shi.

Ɗalibin Samaru:
Injiniya, na yi. Da farko lspci ya nuna katin kuma intanet ya yi aiki. Ina ɗaga kusurwar sai rubutu ya cika Terminal, intanet ya tsaya. Da na sake tayar da ita, layin Network controller babu shi, amma lsusb yana nuna na'urar Intel.

Malamin Kongo:
To, wannan gwajin ya fi ƙarfin hasashena, hujja tana tare da mai gyara. Ina dai ganin abu biyu ne suka haɗu, tunda ɓacewar safe ta daina bayan an kashe Fast Startup, don haka ka bar saitunan yadda suke ko bayan an gyara katin. Malam mai gyara, sai ku yi masa bayanin buɗewa, domin wannan fagenku ne.

Mai Gyara na PZ:
Na gode, Malam. Ƙanena, kafin komai ka kwafe aikin bincikenka zuwa wuri biyu. Idan hannunka bai saba ba, ka kai wa wanda ka yarda da shi ka tsaya a kansa, babu abin kunya a ciki. Idan za ka yi da kanka, ka kashe ta gaba ɗaya, ka zare caja, ka buɗe murfin ƙasa, abu na farko kuma ka cire kan batir daga bod, sannan ka danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 30 domin ragowar wuta ta fita. A wannan lokaci na hunturu iska a bushe take, jiki yana tara wutar da kan ɗan ja mutum idan ya taɓa ƙarfe, kuma ita kaɗai tana iya kashe kati, saboda haka ka taɓa wani ƙarfe babba kafin ka sa hannu, kuma kada ka yi aikin a kan bargo ko darduma.

Katin ɗan ƙarami ne, faɗinsa milimita 22, tsawonsa 30, shi ya sa ake ce masa M.2 2230, kuma za ka gane shi da siraran wayoyi biyu, galibi baƙa da fara, da suka taho daga wajen sikirin. Waɗannan su ne eriya. Idan ɗayarsu ta fita, sigina ce ke raguwa, katin ba ya ɓacewa daga Device Manager, don haka ba su muke zargi ba, kuma idan za ka iya barinsu a jone ka bar su, domin kawunansu suna da saurin fizgewa daga jikin kati. Noti ɗaya tak ke riƙe da shi a ƙarshe. Yadda aka ƙera gurbin, a karkace ake soka katin sannan a danne shi ƙasa a ɗaure, kuma da zarar an kwance notin zai ɗago da kansa. Ka zare shi, ka goge haƙoran zinaren da auduga da ɗan sinadarin isopropyl, ka bari ya bushe, ka hure ƙurar gurbin da abin hura iska, ba da baki ba, ka mayar har sai haƙoran sun shige daidai ta ɓangarorin biyu. Ka duba batir ɗin ma da kyau: idan ya kumbura yana iya tura bod ya lanƙwasa shi, kuma irin wannan batir canza shi ake yi nan take, ba a danna shi, ba a huda shi.

Idan ka ga katin a like yake da bod babu gurbi, ka rufe ka dawo mu yi wata maganar, domin akwai laftof ɗin da haka aka yi su.

Injiniyan Tudun Wada:
Ƙari a kan haka, idan gogewa ba ta yi ba har ta kai ga sayen wani katin, kada ka sayi duk wanda ya shiga ramin. Intel 9560 da AX201 suna kama da naka a ido, amma nau'in CNVi ne, wani ɓangaren aikinsu yana cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar, saboda haka ba sa aiki sai a bod ɗin da aka yi domin su. Irin naka, ko 9260, ko AX200, su ne masu bin PCI Express kai tsaye. Wasu tsofaffin laftof kuma BIOS ɗinsu, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows, yana da jerin katunan da ya yarda da su kawai, a tsofaffin ThinkPad kuskure mai lamba 1802 ke fitowa idan aka sa baƙon kati. Ka sa a gwada a gabanka kafin ka biya. Idan an sa kati mai lafiya shi ma yana ɓacewa da motsi, to gurbin ne ya tsage daga bod, kuma a nan na'urar USB ta fi araha a kan gyaran.

'Yar Gyallesu:
Injiniya, na mayar da nawa ramin baya na kuma raba kwamfutar da firinta, yankewar ta ragu ƙwarai, sai dai yakan yi sau ɗaya a daidai lokacin da ake juyawa daga wutar gari zuwa janareta. Zan nemi UPS kamar yadda kuka ce. Allah ya saka da alheri.

Ɗalibin Samaru:
Alhamdu lillahi. Na kai ta wurin wani mai gyara na tsaya a kansa, muka buɗe tare. Babu noti a kan katin kwata-kwata. Wani ne ya taɓa manne shi da baƙin salatif, zafi ya narkar da gam ɗin ya saki ta gefe ɗaya, katin ya ɗago kaɗan, murfin ƙasa ne kawai yake danne shi, ga ƙura ta taru a bakin gurbin ta yi ja. Batir ɗin lafiyarsa ƙalau. An goge haƙoran, an mayar da shi, an samo noti daga wata matacciyar laftof an ɗaure. Mun ɗaga ta ta kowace kusurwa, na kuma dawo da ita Samaru a jaka, Wi-Fi bai motsa ba. Malam na Kongo, saitin PCI Express ɗin in bar shi a kashe ne har abada, ko in mayar tunda na ji kamar batir yana ɗan saurin ƙarewa?

Malamin Kongo:
Madalla, Allah ya ba da sa'ar bincike. Fast Startup ka bar shi a kashe, kashe shi ba ya cin batir, 'yan daƙiƙoƙi kawai yake ƙara maka wajen tashi. Na PCI Express kuwa ka bari ta yi mako guda a haka, sannan ka mayar da na ɓangaren batir zuwa Moderate power savings shi kaɗai, kada ka taɓa wani saitin a ranar. Idan katin ya sake ɓacewa bayan kwamfutar ta tashi daga barci, ka mayar da shi Off ka sanar da mu lambar da Device Manager ya nuna.